Wace gangar ƙasa ta cancanci a yi mata rajistar gajeriyar bindiga a Amurka?

Baban_Hanifa:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina zaune a Hustan ta jihar Teksas, kuma na daɗe da samun takardar zama ɗan ƙasa. Ina da bindiga ƙirar AR-15 guda ɗaya mai bututu inci 16 wadda nake zuwa filin harbi da ita, yanzu kuma ina so in haɗa gajeriya mai bututu inci 11.5 bisa doka, wato in cike Fom 1 na neman izini daga ATF, hukumar tarayya mai kula da harkar bindigogi, in jira amincewarsu kafin in ɗora komai. Inda na tsaya shi ne gangar ƙasa, wato rabin jikin bindigar na ƙasa, wadda masu shago ke kira lowa. Tunda ita ce ke ɗauke da lambar shaida, kuma ita za a rubuta a rajistar gwamnatin tarayya da sunana, shin in yi amfani da mai arahar da nake da ita, ko in sayi ƙerarriya, wato wadda aka buga a maƙera, mai matsakaicin kuɗi, ko kuwa in daure in sayi irin masu tsadar nan da ake sarrafawa ta dama da hagu? Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga wannan harka.

Injiniya_Sani:
Wa alaikumus salam, Malam Baban Hanifa. Kafin a shiga maganar kamfanoni, ya kamata mu fahimci aikin da gangar ƙasa take yi, domin yawancin kuɗin da mutane ke ɓarnatarwa a nan rashin sanin wannan ne ke jawo shi. A tsarin da Eugene Stoner ya zana wa kamfanin ArmaLite a ƙarshen shekarun 1950, ƙarfin fashewar harsashi ba ya sauka a kan gangar ƙasa, yana ƙarewa ne tsakanin kan sakata, wato ƙarfen da ke kulle harsashi a ɗakinsa, da gindin bututu, dukansu kuwa ƙarfe ne kuma a gangar sama, wato rabin jikin bindigar na sama, suke. Ita ta ƙasa aikinta riƙo ne: ta riƙe kunama, ta riƙe gidan harsashi, ta riƙe mariƙin hannu da bututun bafa wanda ƙotar kafaɗa ke hawa (bafa wani nauyi ne mai sifirin da ke tare dukan sakata idan ta yi baya). Saboda haka ba ta ƙara wa bindiga saiti, kuma mai dala 400 ba za ta sa harsashinka ya fi faɗawa tsakiya ba. Abin da ake nema a wurinta shi ne ramukanta su kasance daidai inda ma'auni ya ce, kuma a yi ta da alminiyum mai lamba 7075-T6, wanda aka buga a maƙera da matsi mai ƙarfi, sannan aka yi masa baƙin rufi mai tauri na mataki na uku. Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, kamfanonin da ke bugun ɗanyen ƙarfen ba su da yawa. Akwai Cerro, akwai Anchor Harvey, da wasu kaɗan, kuma daga wurinsu masu sunaye daban-daban suke sayo ɗanyar ƙira su feƙe ta su buga tambarinsu. Bambancin mai araha da mai tsada yana cikin kyawun fiƙa da kuma yawan dubawa kafin a fitar, ba a cikin ƙarfen ba.

Garba_Ohayo:
Maganar Injiniya gaskiya ce ta fuskar aiki, amma ni ina ganin ya bar wani ɓangare. Gangar da aka yi wa rajista ba kamar sauran ba ce, domin za ka sa a tona sunanka da garinka da jiharka a jikinta, kuma daga ranar ta zama taka ta dindindin, tunda ba kowa ne zai sayi bindiga mai ɗauke da sunan wani ba. Gangar sama kana iya canza ta sau goma, bututu ya cinye ka sa sabo, kunama ta gundure ka ka sayi wata, amma ita wannan tana nan. Abin da za ka zauna da shi shekara ashirin bai kamata ka yi masa ƙoro ba. Ni da na yi tawa a 2019 na biya harajin dala 200, sai na ga wauta ce in ɗora harajin dala 200 a kan ganga ta dala 50, na ƙara kuɗi na sayi wadda raina yake so, kuma har yau ban yi nadama ba.

Lauya_Bashir:
Malam Garba, hujjarka ta haraji ta yi ƙarfi a lokacinta, amma yanzu ta ragu. Dokar da aka sa wa hannu ranar 4 ga Yuli 2025 ta mayar da harajin gajerun bindigogi da salansa, wato abin rage ƙarar harbi, zuwa sifili daga 1 ga Janairu 2026. Sai dai ina roƙon kada kowa ya ɗauka cewa soke haraji soke rajista ne. Dokar bindigogi ta tarayya mai suna NFA ta 1934 tana nan daram: duk bindigar kafaɗa da bututunta bai kai inci 16 ba, ko tsawonta gaba ɗaya bai kai inci 26 ba, dole a yi mata rajista, a miƙa hoton yatsu da hoton fuska, kuma a samu amincewa kafin a haɗa ta. Wanda ya haɗa ba tare da amincewa ba yana fuskantar ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 10. Dala 200 ɗin nan tun 1934 aka yanka ta, lokacin da ta fi kuɗin yawancin bindigogin kansu, kuma da gangan aka yi don a hana mutane saye, amma ba a taɓa ƙara ta ba har ta zama kuɗin cefane. Abin da nake faɗa bayani ne na gama-gari, duk wanda yanayinsa ke da sarƙaƙiya ya nemi lauya a jiharsa.

Garba_Ohayo:
Na karɓi gyara, Barista, na gode. Amma maganar tona suna tana nan, kuma ita ce ginshiƙin hujjata.

DanZongo_Bronks:
Ni dai nawa kallo ne, domin a nan Niyu Yok ko mutum ya samu amincewar tarayya dokar jiha ba ta yarda ba, haka ma maƙwabtanmu na Niyu Jazi, da Kaliforniya, da Hawayi. Na kawo wannan ne saboda mutanenmu suna yawan ƙaura don neman aiki. Malam Baban Hanifa, idan akwai yiwuwar wata rana aiki ya dawo da kai ɗaya daga cikin waɗannan jihohi, to ka sa wannan a lissafi kafin ka zuba kuɗi mai yawa a ganga ɗaya.

Baban_Hanifa:
Na gode ƙwarai. Ba ni da niyyar barin Teksas, sai dai ina zuwa Oklahoma wurin surukaina, kuma akwai filin harbi a gonar wani maƙwabcinsu. Shin zan iya tafiya da ita?

Lauya_Bashir:
Oklahoma ta halatta su, amma ƙetare iyakar jiha da gajeriyar bindiga yana buƙatar izini a rubuce tun kafin tafiya, ta fom mai lamba 5320.20, kuma ana iya neman izinin ya rufe tsawon shekara guda ga adireshi ɗaya. Salansa ba ta buƙatar wannan izini, ita gajeriyar bindiga ce ke buƙata. Wannan ma dalili ne da zai sa in ba ka shawarar kada ka yi wa gangar da kake da ita yanzu rajista. Ka bar ta a matsayinta na doguwa mai inci 16, wadda za ka saka a mota ka tafi Oklahoma ba tare da jiran takarda ba, ka sayi wata daban don rajista. Mutumin da bindigarsa ɗaya ce tak kuma ya mayar da ita ta rajista ya ɗaure kansa da kansa.

Makerin_Atlanta:
Ina aiki a shagon gyaran bindiga a Jojiya, kuma abin da zan faɗa na gani da idona ba sau ɗaya ba. Kuskuren da ya fi yawa ba zaɓen kamfani ba ne, gaggawa ce. Mutum zai karɓo sabuwar ganga tsirararta, ba a ɗora mata komai ba, daga dila, ko kwali bai gama buɗewa ba ya kai ta wurin mai tona suna, ya aika fom, amincewa ta fito, sai ranar haɗawa ya tarar akwai matsala. Wani ya kawo mana tasa, ta wani kamfani da ba zan ambata ba, ramin magazin, wato inda ake cusa gidan harsashi, ya matse har gidan harsashi na roba ba ya faɗowa da kansa idan an danna maɓalli, sai an fizge shi. Wani kuma ramin ƙusar baya ne ya ɗan kauce, gangar sama ba ta rufuwa sai da dukan guduma. Da kafin rajista ne, sai a mayar wa kamfani su ba da wata, magana ta ƙare. Amma bayan rajista lambar shaidar nan ita ce a takarda, idan aka ba ka wata ganga mai wata lamba, to sabon fom ne da sabon tona suna da sabon jira.

Don haka ga yadda nake gaya wa duk wanda ya tambaye ni. Ka sayi gangar, ka haɗa ta gaba ɗaya, ka ɗora mata doguwar gangar samanka ta inci 16, ka je fili ka harba 'yan ɗaruruwan harsasai. Ka gwada gidajen harsashi iri-iri, na roba da na ƙarfe, ka ga ko kowanne yana shiga yana faɗowa. Ka duba ko sakata tana tsayawa a baya bayan harsashin ƙarshe, ka duba ko makullin kariya yana juyawa da ƙarar da ta dace, ka duba ko ƙusoshin kunama suna zamewa gefe. Idan ta ci wannan jarrabawa, to ko nawa ka saye ta ta cancanci rajista. Idan ta faɗi, ko tambarin wa ke jikinta, mayar da ita. Masu tsada ma suna fitowa da aibi, sai dai bai kai yawan na masu araha ba.

Injiniya_Sani:
Wannan ita ce maganar da ta fi kowace amfani zuwa yanzu. Zan ƙara da cewa a lokacin wannan gwaji kada ka ajiye gajeriyar gangar sama a gida alhali ba ka da wata halastacciyar hanyar amfani da ita. Barista zai fi ni bayani.

Lauya_Bashir:
Haka ne. Asalin maganar shari'ar gwamnatin Amurka da kamfanin Thompson/Center ce, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a 1992. Abin da masana suka fahimta daga hukuncin shi ne, idan kayan da ke hannunka ba su da wani amfani sai haɗa gajeriyar bindiga, ana iya ɗaukar ka a matsayin wanda ya riga ya haɗa ta, ko da ba ka ɗaura ko sukuru ɗaya ba. Hanya mafi kwanciyar hankali ita ce ka jinkirta sayen gajeren bututu har amincewa ta iso. Ba abin da za ka rasa illa 'yan kwanaki.

Hajiya_Rabi_MN:
Ina so in yi magana a madadin bahagwai, domin na ga ana neman a mayar da ganga mai sarrafuwa ta ɓangare biyu kayan ƙawa. Ni bahaguwa ce, kuma na yi shekaru ina harbi da gangar da aka yi wa masu dama, ina laluben maɓallin sakin magazin da ɗayan hannun, ina juya bindiga don in kai ga abin riƙe sakata. Ranar da na fara riƙe MARS-L ta kamfanin LMT na gane wahalar da nake sha ba dole ba ce. Ba kuma abin wasa ba ce, sojojin Niyu Zilan ita suka ɗauka a matsayin bindigarsu. Akwai SR-15 ta Knight's Armament, akwai kuma ta Radian, wadda idan ka danna maɓallin magazin ka ja sakata baya sai ta tsaya. Malam Baban Hanifa bai gaya mana hannun da yake harbi da shi ba, kuma a ganina wannan tambaya ta riga tambayar kuɗi.

Baban_Hanifa:
Da dama nake harbi, Hajiya, amma babbar 'yata bahaguwa ce, kuma tana raka ni fili.

Makerin_Atlanta:
Hajiya ta yi gaskiya, amma bari in faɗi abin da ake biya bayan kuɗin saye. Gangar da aka yi bisa ma'aunin soja, duk wani ƙaramin sifirin ko ƙusa da ya ɓace ko ya karye za ka same shi a kowane shago a ƙasar nan da kuɗi kaɗan. Masu ɓangare biyu kuwa kowane kamfani da irin nasa kayan, wanda ba ya shiga na wani. Idan kamfanin ya daina yin samfurin ko ya rufe, to ka rage da ganga mai rajista wadda ba ka da kayan gyaranta. Kada a ce hakan ba ya faruwa: a 2025 Ruger ya sayi masana'antar Anderson da ke Kentaki, aka daina fitar da kaya da wancan suna. Masu gangar Anderson ba su shiga damuwa ba saboda tasu ta gama-gari ce, kayan kowa yana shiga. Da a ce mai kayan musamman ce, da labarin ya bambanta. Idan za ka sayi mai ɓangare biyu, ka sayi ƙananan kayan gyaranta tun yanzu ka ajiye. Idan kuma don 'yarka ce kawai, ana iya sa wa gangar gama-gari makullin kariya mai fuska biyu da maɓallin magazin na hagu, su biya yawancin buƙata.

Hajiya_Rabi_MN:
Suna biyan wani ɓangare, Malam, ban yarda da yawanci ba. Na gwada waɗannan ƙare-ƙaren kafin in sayi tawa, kuma wanda aka liƙa daga baya ba ya kama hannu kamar wanda aka gina tun asali. Amma maganarka ta ajiye kayan gyara na ɗauka, zan yi.

Aminu_Dalibi:
Ku yi mini afuwa, ni sabon shiga ne. Na ga wasu gangunan da ake cewa an sassaƙa su daga dunƙulen alminiyum, suna da kyau ƙwarai, kuma sun fi tsada. Ashe ba su fi ƙerarrun ƙarfi ba? Sannan ina tambaya ko ɗalibi mai bizar karatu zai iya yin wannan rajista.

Injiniya_Sani:
Ƙanena Aminu, tsada ba ta nufin ƙarfi a nan. Bugun maƙera yana sa jijiyoyin ƙarfe su bi siffar abin da aka ƙera, shi ya sa ƙerarriya take da ƙarfi duk da rashin kauri. Sassaƙaƙƙiya kuwa inji ne ke cinye dunƙule har siffa ta fito, tsadarta ta lokacin inji ce da ƙarfen da aka zubar, kuma galibi ana ƙara mata kauri don ta rama, sai ta fi nauyi. Wasu ma da 6061 ake yin su, wanda bai kai 7075 ƙarfi ba, saboda haka a karanta bayanin kafin a saya. Matsalarta ta biyu ita ce siffar waje: tunda kowane kamfani yana zana tasa, wani lokaci gangar saman wani kamfani ko wani mariƙin ba ya zama a kanta da kyau. Ga wanda yake so ya riƙa sauya gangunan sama a kan ganga ɗaya mai rajista, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tun da an zo nan, bari in taɓa ta roba. Waɗanda suka kwaikwayi siffar ta alminiyum da roba suna yawan tsagewa a wuyan baya inda bututun bafa ke ɗaurewa, ni ba zan yi wa irinsu rajista ba. KP-15 ta KE Arms daban ce, domin an zana ta ne tun farko don roba, ganga da ƙota da mariƙi duk a haɗe, sai dai ƙotarta ba ta tsawaita ba ta gajarta, wanda kuwa ke neman gajeriyar bindiga galibi yana son ƙota mai zamewa.

Lauya_Bashir:
Aminu, game da tambayarka ta biyu, ka yi hattara sosai. Dokar tarayya ta hana wanda ya shigo da bizar zama na wucin gadi, irin ta karatu ko ta ziyara, mallakar bindiga ko harsashi, sai a wasu keɓaɓɓun yanayi kamar wanda yake da ingantaccen lasisin farauta na jiha. Mai girin kad, wato takardar zama na dindindin, ba ya cikin wannan hani. Kuskure a nan ba tara kawai yake jawowa ba, yana iya kashe karatunka da zamanka a ƙasar baki ɗaya, don haka kada ka taɓa komai sai ka zauna da lauyan shige da fice. Sannan dila ba zai sayar wa wanda bai kai shekara 21 tsirarar ganga ba, ko ɗan ƙasa ne. Wani abu kuma da ya shafe mu duka: kada wani ya yi tunanin saka ganga ko wani sashe na bindiga a kayan da ake aikawa gida. Laifi ne babba a dokar fitar da kaya ta Amurka, laifi ne kuma a can.

Aminu_Dalibi:
Na gode, Yaya Barista. Zan tsaya a karatu da sauraro.

Tsohon_Soja_Musa:
Na yi shiru ina karantawa, kuma ina so in dawo da mu kan tambayar Baban Hanifa, amma ta wata ƙofa. Kafin ka zaɓi ganga, ka tsai da irin harsashin da za ka riƙa harbawa, domin shi ne zai gaya maka irin ramin magazin da kake buƙata. Gangar AR-15 ta gama-gari tana ɗaukar harsashin 5.56 tana kuma ɗaukar na .300 Blackout ba tare da an canza komai a ƙasa ba, gangar sama kawai ake sauyawa. Wannan shi ne babban amfanin yi wa ta gama-gari rajista: takarda ɗaya, ganguna na sama biyu ko uku. Amma idan 9mm kake so, to ko dai ka sayi gangar da aka yi don magazin ɗin Glock ko na Colt, wadda ba za ta ƙara ɗaukar 5.56 ba, ko ka sa wa ta gama-gari abin cike rami. Mai .308 kuwa wata ganga ce daban mai girma. Idan ka haɗa 5.56 da .300 a gida ɗaya, ka yi wa gidajen harsashinsu alama mai launi da ba za ta ɓace ba, domin harsashin .300 yana iya shiga ɗakin 5.56, idan kuwa aka harba bindigar tarwatsewa take yi a hannu.

Zaɓinka na inci 11.5 ya yi mini. Gajeriyar bindigar MK18 ta sojan ruwan Amurka inci 10.3 ce, kuma ta yi suna, amma ƙarin incin nan guda yana ba iskar harbi ƙarin lokaci ta tura sakata, sai bindiga ta fi sauƙin hali kuma kayanta su fi daɗewa. Abin da ya shafi gangar ƙasa a nan shi ne bafa. Gajeren bututu, musamman idan aka sa salansa, yana dukan baya da ƙarfi, shi ya sa yawanci ake fara gwaji da bafa mai nauyi ta H2 maimakon ta gama-gari. Ka tabbata kuma bututun bafar na ma'aunin soja ne, ba na kasuwa ba, wanda ya ɗan fi kauri kuma ƙotoci da yawa ba sa hawansa. Ni kuɗin da za a ƙara a kan tambari gara a sa shi a kunama mai kyau da bafa da harsashin atisaye.

Baban_Hanifa:
Allah ya saka da alheri, Baba Musa. Na lura gangunan da nake dubawa an rubuta MULTI, wato iri-iri, a wurin nau'in harsashi. Shin haka zan rubuta a fom?

Makerin_Atlanta:
A'a, ka rubuta ainihin harsashin da za ka fara haɗa ta da shi, misali 5.56, tare da tsawon bututu da tsawon bindiga gaba ɗaya. Ana auna bututu ne da sanda daga fuskar sakata a rufe zuwa bakin bututu, ban da abin da aka ɗaura a baki idan ana iya kwance shi. Sunan kamfani da samfuri da lambar shaida kuma ka kwafe su harafi da harafi kamar yadda suke a jikin gangar, domin ƙaramin saɓani yana sa a dawo da fom. Wannan ma yana cikin abin dubawa wurin zaɓe: ka nemi ganga mai rubutu bayyananne, mai kuma fili a jikinta inda za a tona suna. Ƙa'idar tonon ita ce zurfinsa ya kai inci 0.003. Wasu gangunan an cika su da zane da tambari har ba wurin rubutu. Yawanci muna tonawa a gaban ramin magazin ko a ƙarƙashi, kusa da kunama, inda ake gani ba tare da an kwance komai ba. Ka kuma duba ƙa'idar da ke aiki a ranar da za ka aika, domin hukumar tana sauya bayananta.

Wani abu ga masu son tsohuwar Colt: akwai shekarun da kamfanin ya yi gangunan farar hula da ƙusoshin kunama masu kaurin inci 0.170 maimakon 0.154 na gama-gari. Ganguna ne masu kyau, amma kunamomin da za su shige su kaɗan ne a kasuwa. Wanda ya ga ta hannu ya auna kafin ya saya.

Garba_Ohayo:
Tunda an zo kan tona suna, Malam Baban Hanifa, ka yanke shawara tun yanzu ko da sunanka za ka yi rajista ko da sunan asusun amana, wato amanar da ake kafawa bisa doka ta riƙe dukiya a hannun amintattu, domin sunan da ke fom shi za a tona. Ka ce 'yarka tana raka ka. Idan da sunanka ne kai kaɗai, ba wanda zai riƙe ta sai kana wurin. Idan na amana ne, duk wanda ke cikin amintattu yana iya riƙewa, amma tun ƙa'idar ATF mai lamba 41F ta Yulin 2016 kowannensu sai ya ba da hoton yatsu da na fuska a duk sabon fom. Idan ka zaɓi amana, ka ba ta gajeren suna. Na san wanda ya sa wa tasa suna mai kalma shida, mai tono ya rasa inda zai sa shi.

Lauya_Bashir:
Ƙari kaɗan a kan na Malam Garba, saboda mu mutane ne masu kula da rabon gado. Idan mai rajista ya rasu, ana mayar da bindigar ga magaji ta Fom 5, in dai magajin ya cancanci mallaka kuma jiharsa ta yarda. Saboda haka gangar da ka zaɓa yau tana iya kaiwa hannun Hanifa da sunanka a jiki, wannan kuwa yana ƙarfafa maganar Hajiya Rabi fiye da yadda na zata da farko.

Injiniya_Sani:
Yana kuma ƙarfafa tawa, Barista, domin bayan shekara talatin kayan gyaran ta gama-gari ne za a samu a kasuwa. Idan ana son tsaka-tsaki, akwai irin M4E1 ta Aero Precision: ƙerarriya ce, tana ɗaukar kayan gama-gari, bakin ramin magazin a buɗe yake, kariyar kunama a haɗe take da jiki, kuma abin riƙe sakata da sukuru ake ɗaura shi maimakon ƙusar da ake dukawa da guduma, wadda sababbin masu haɗi ke yawan karce ganga da ita. Masu son gama-gari zalla kuma akwai kamfanin BCM da ire-irensa.

Sadiya_Dallas:
Ba wanda ya yi tambayar da nake jira, wato ko rajistar ma dole ce. Mijina ya haɗa tasa a matsayin ƙaramar bindigar hannu mai madaurin damtse, bututu inci 11.5, ba fom ba tono, tunda kotun tarayya a nan Teksas ta soke ƙa'idar 2023 a kan madaurin a watan Yunin 2024. Wani abokinsa kuma ya sa bututu inci 14.5 aka yi masa waldar abin baki na dindindin ya kai 16.

Tsohon_Soja_Musa:
'Yata Sadiya, hanyoyin nan biyu suna nan, amma kowace da kuɗinta. Madaurin damtse ba ƙota ba ce, wanda ya harba da duka biyun ya san bambanci, kuma matsayinsa a doka ya sauya sau da yawa cikin shekara goma, ni kuwa na tsufa da bin sanarwa. Mai inci 14.5 da walda kuma ba gajeriya ba ce, inci 16 ce da aka yi wa dabara. Sai dai akwai abu ɗaya a maganarki da ya shafi Baban Hanifa: gangar da aka fara haɗawa a matsayin bindigar kafaɗa ba ta komawa bindigar hannu, amma wadda aka fara haɗawa a matsayin ta hannu tana iya zama ta kafaɗa ta dawo. Idan ya bi shawarar Maƙeri ya gwada ta da ƙota da inci 16, to ya rufe waccan ƙofar ga wannan gangar.

Makerin_Atlanta:
Gaskiya ne, Baba, ban ambata ba saboda na ɗauka rajista zai yi ko ta yaya. Wanda yake son ƙofar ta zauna a buɗe sai ya fara gwajin ba tare da ƙota ba.

Baban_Hanifa:
Rajista zan yi in sha Allahu, kuma na bar tsohuwar gangata a yadda take saboda tafiyar Oklahoma. Har yanzu ina tsakanin ƙerarriya ta gama-gari da mai ɓangare biyu. Ranar Asabar zan kai Hanifa shagon da ke da duka biyun ta riƙe kowace ta gaya mini. Hajiya Rabi, ko za ki faɗa mini ƙananan kayan da suka fi saurin lalacewa a taki, don in tambayi farashinsu tun ina can?

Hajiya_Rabi_MN:
Har yanzu ba abin da ya karye mini, sai wani ɗan sifirin da ya tashi sama lokacin da nake wanke ta, na yi kwana biyu ina nemansa a kafet. Ka tambaye su sifirin da ƙusar abin riƙe sakata na ɓangaren dama, ka kuma tambaya ko suna sayar da su ɗai-ɗai ko sai an sayi saitin gaba ɗaya.